Takobin da Baba ya kawo daga Bama

Ana sallame sallar asuba muka bar Nguru, ni da wani abokina mai sayar da bandar kifi, muka nufi Gashua. Masu tambayar ina na shiga kwana biyu, ga amsarku: takobi na je ɗaukowa.

Mahaifinmu tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da ya dawo da shi daga can tari ne da takobin wani hafsan Japan. Da ya rasu, takobin ya zauna wurin yayanmu a Gashua, ƙarƙashin gado. Ni kuwa shekara hamsin da ɗoriya, har yau keke-napep ɗin wani nake ja, shi ma ya ce ƙarshen wata zai karɓe ya ba ƙaninsa. Ana haka na ɗauko wani Alhajin Kano daga tasha, mai tara tsofaffin makamai. Ya ce in takobin na gaske ne, zai ba ni abin da zan sayi keke nawa na kaina. Ya koya min yadda ake ganewa: ƙota mai farar fatar kifi mai ƙuraje, an naɗe ta da zare, da 'yan furanni a jikin ƙarfenta, kube kuma na ƙarfe. In ka fitar da wani ɗan tsinken gora ƙotar za ta zare, a ciki maƙerin ya zana sunansa, cikin baƙar tsatsa. Ya ce tsatsar nan ita ce shaida. Ƙotar da kuben na san su tun ina yaro. Na buga wa Yaya waya na ce an samu mai saye, ina tafe. Maganar tsatsa ban yi masa ba, ban ga dalili ba.

Mu huɗu a baya, biyu a gaba, kuɗin mota ya ninka na bara amma kujerar ba ta ƙara faɗi ba. A Jajimaji muka sha shayi, mai shayin yana auna sukari kamar maganin asibiti. Gefen hanya shinkafa ta yi kore shar, tsuntsun jan-baki na ɗibar rabonsa kafin mai gona. Abokina sai tsokanata yake wai in na sayi keken shi zan fara ɗauka kyauta.

Da hantsi muka shiga Gashua, tattasai a shanye ko'ina ja wur. Yaya ya tarbe mu da wushe-wushe, sannu-sannun Barebari, ya ce ba maganar komai sai mun ci. Burabusko ne da miyar kuka. Sai murmushi yake, ni kuma idona na kan ƙofar ɗakinsa.

Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da shi a kan hannu biyu. Kube na jar fata sabo fil, da tuntaye. Ƙota ta itace, ita ma an yi mata fata.

Na ce, "Yaya, wannan na wane ne?"

Ya ce, "Na Baba mana! Ka ce mai saye zai gani. Wa ke kai kaya kasuwa da datti? Kwana uku yana wurin maƙeri, biyu wurin baduku. Zare ka ga fuskarka."

Na zare. Wallahi na ga fuskata. An wasa shi a dutse har ya rame.

"Tsohuwar ƙotar fa?"

"Wannan ruɓaɓɓiyar? Maƙerin ya jefa ta wuta."

Muka je maƙera. Maƙerin, dattijo mai fara'a, ya ce tsohon kuben 'yan gwangwan masu tara tsofaffin ƙarafa sun saya. Na sa ya cire sabuwar ƙotar. Ƙarfen ciki fari tas. Ya ce ai akwai wani zane-zane kamar sawun kaza, ya sa magagari ya goge, don ƙota ta zauna daidai. Ya ƙara da cewa bai taɓa wasa ƙarfe mai taurin wannan ba, yana jira in yaba masa.

Na tura wa Alhajin hoto. Bai ɓata lokaci ba, ya ce, "Malam, Allah ya mayar da alheri." Shi ke nan.

Ban iya yi wa Yaya faɗa ba. Matarsa ce ta gaya min buhun tattasansa ya sayar ya biya aikin. Da za mu tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Kar ka bari su taya maka da arha, ka ga dai yadda ya koma." Na ce to, Yaya.

Muka kamo hanyar Nguru, takobin a kan cinyata.

Abin da tafiyar nan ta koya min kaɗan ne. Shekara da shekaru muna kwana a kan arziki ba mu sani ba, talauci bai taɓa shi ba, ɓarawo bai taɓa shi ba. Ranar da muka so shi, ranar muka kashe shi. Jiya maƙwabcina ya ga takobin a jingine, ya ce in ara masa, ciyawar kacala ta toshe masa hanyar ruwa a gona. Na ba shi. Ya ce yana ci sosai.