Likkafanin da Amos Ya Yi wa Mansir

Amos tela ne a bakin Ƙofar Wunti, mutumin Bogoro, mai hannu a ɗinki. Abu ɗaya ne ba ya karɓa, farin yadi na likkafani.

A yaƙin Bama aikinsa tura buhunan abinci daga cikin jirgi zuwa ga sojojin da ke daji, shi da Mansir, ɗan cikin garin Bauchi. Ranar da aka harbo jirginsu su biyu suka rayu, sojojin Japan suka kama su. Wata bakwai suna sara hanya, sai atini ya kashe Mansir. Ba ruwan wanka, ba Musulmi kusa. Amos ya naɗe shi a guntun farar laimar da ake dirowa da ita daga jirgi, ya binne shi yadda ya iya.

Da aka gama yaƙi, takardar soja ta ce Mansir ya ɓace. Saboda haka uwarsa, Inna Habibatu, ta hana a yi masa sadaka, wai ba ta yi wa rayayye.

Amos ya san gidan. Sau uku yana isa zaure yana juyawa. Tambaya ɗaya yake tsoro: wa ya yi masa wanka, wa ya sallace shi? Matarsa Liatu kan ce, "Baban Matta, kai da ka ci ganye a hannun Japan, tsohuwa ce ta gagare ka?" Sai ya ce gobe.

Da damina ta 1957 ya yi sallama a gidan. Ƙanwar Mansir, Yelwa, ta fito. Yana tsugune ya faɗi komai, har laimar.

"Da hannunka ka rufe shi?"

"Da hannuna."

"To ai ka yi masa sutura, Malam Amos. Wa zai tambaye ka wanka a daji?" Ta gyara mayafi. "Inna ta rasu kafin azumi. Kullum sai ta sa a rage tuwo a kwano, ko zai shigo."

Ran Juma'a aka yi sadakar. Aka aiko masa da waina a shago, ya kasa ci, Liatu ta raba wa maƙwabta. Har ya tsufa, in aka yaba masa jarunta a Bama, sai ya ce daga shagonsa zuwa gidan su Mansir ko kiran sallah ana ji, amma ya kwashe shekaru ya kasa shiga.