Bakabe a Kan Gobarau

Aikina rufin kwano ne. Shi ya taɓa kai ni Argungu, inda na sauka a gidan wani masunci da muke yi wa rufi. Ni Bakatsine ne, shi Bakabe, mu kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, saboda haka tun ranar farko ya raɗa mini suna bawansa. Da muka gama aiki ya sa ni a kwalekwale ya zaga da ni gulbi. Ya nuna mini masu jefa tarun birgi, da mata masu bandar kifi, da tsuntsaye farare fat a kan tsibiri. Na riƙe gefen jirgin da hannu biyu, shi kuma yana girgiza shi da gangan. Amma na ga abin da ban taɓa gani ba.

Da damina ta wuce sai ya aiko zai kawo mini ziyara. Na yi murna, na kuma shiga damuwa. Me zan nuna wa mutumin da ya nuna mini gulbi? Na san in ya koma bai ga komai ba, har jikokina sai sun sha gori.

Ya iso da kwandon busasshen kifi. Washegari na goya shi a babur muka fara da Ƙofar Kwaya.

"Wagga ita ce?" ya ce. "Ƙofa ba ƙyaure? Halan ɓarayi sun gama da ku."

A Ƙofar 'Yandaka ya ce ai ita ce ta ɗazu, zagayowa na yi da shi. Na nuna masa guntun ganuwa, ya ce gyara take so. Na sayo masa fura da nono wurin wata Bafulatana, ya shanye tas, ya lashe ludayi, sannan ya ce ba laifi ga mutanen da ba su san romon kifi ba. Ni dai ina dariya, amma abin yana cina.

Saura hasumiyar Gobarau. A gindinta aka haife ni, ina ganinta daga ƙofar gidana. Akwai allo a wurin, na tsaya ina haɗa baƙaƙen a hankali yadda ake koya mana a ajin yaƙi da jahilci.

"Kafin ka ƙare karatun ga sai ta ƙara tsufa," in ji shi. "Mu hau. Kai sau nawa ka hau?"

Na kau da kai ina duban allon. Babu rufin da ban taka ba a unguwar nan, amma ita ban taɓa hawa ba. Mu a wurinmu ta baƙi ce da 'yan makaranta. Dattijon da ke kula da wurin ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ba kai kaɗai ba ne."

Muka cire takalma muka kama matakala. Ƙasa ce tsantsa, ta yi sumul saboda sawun mutane, ga sanyi a tafin ƙafa. Hanyar tana ƙara matsewa. A nan na lura abokina ya rage sauri. Yana dafa bango, yana jan numfashi.

"Sarkin ruwa, ko in goya ka?"

"Wuce mu tafi, bawan banza. Gwiwa ce."

Da kaina ya leƙa sarari, abin da na fara gani tsakar gidajen maƙwabta ne: shanya, turame, wata na tankaɗe. A sana'armu ba a hawa bisa sai an sanar, don mata su kintsa. Bakina ya riga tunanina. Na kafa hannu a baki na ɗaga murya, "A gafara masu gida, an hau bisa!"

Daga ƙasa dattijon nan ya fashe da dariya. Abokina ya zauna daɓas yana riƙe ciki.

"Garin duka kake sanar wa? To juya gabas, waɗancan ba su ji ba."

Can sai ga maiɗakina ta fito tsakar gida, don ta gane muryar. Ta yi inuwa da hannu tana duban sama, ta ɗaga mana faifai, ta koma tana girgiza kai. Sai lokacin na ga gidana yadda tsuntsu ke ganinsa, ɗan ƙarami, da bishiyar darbejiyar da na shuka, da kwano guda da ya yi tsatsa ban sani ba.

Muna nan aka fara kiran azahar. Masallaci ɗaya ya ɗauka, na kusa da shi ya karɓa, har ya zama daga kowace kusurwa kira ke tasowa. Tattabaru suka tashi suka zaga ƙasa da mu. Garin ya shimfiɗu har inda ido ya gaji, sabon kwano yana walƙiya a tsakanin tsofaffin soraye. Abokina ya miƙe ya dafa katanga. Na jira baƙar magana, ba ta zo ba.

"Mu sauka mu yi alwala," na ce.

"Dakata kaɗan."

Ya ciro waya ya kira gida ta hoto. Na ji muryar uwargidansa da ƙannensa suna tambaya. Ya riƙa juya wayar a hankali.

"Ku duba," ya ce musu. "Ku duba da kyau. Da ƙasa aka gina ta, ba siminti, kuma tana nan tsaye. Wallahi ba ku taɓa ganin irin wagga ba."

Ya waiwayo ya gan ni ina washe baki. Ya rufe wayar da tafin hannu.

"Kai ba da kai nake ba."

"Na ji dai," na ce.

"To ka ji. Matsa, kana tare musu gari."