Kiɗa Mai Kama da Injin Niƙa

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da wani mai yi wa finafinan Hausa kiɗa da yake ƙauna kamar cikinsu ɗaya, alhali ko a hanya bai taɓa ganinsa ba. Acaɓa yake yi tsakanin ƙauyenmu na gefen Tsaskiya da garin Safana, ya ɗaure wata 'yar sifika da roba a kan babur ɗin. Duk fim ɗin da mutumin ya yi wa kiɗa, sai ya tsaya wajen masu cajin waya an tura masa waƙoƙin.

"Wanga bawan Allah bai taɓa ɓata kiɗi ba," in ji shi, yana wanke hannu zai ci tuwo.

Ni kuwa ba a faɗa in bari ta wuce. "Haba Malam, ko tuwon nan da kake yabo wata rana gudaji yake yi. Allah kaɗai ne ba ya kuskure."

"To kawo guda ɗaya da ya ɓata."

Ina da ita kuwa. Akwai wata waƙa da kiɗanta ke gurnani kamar injin niƙan da tsakuwa ta shiga, muryar yarinyar da ke rerawa kuma an matse ta har ta koma kukan sauro. Na ce masa babu mai kunne biyu da zai kunna wannan da gangan. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce kunnena ne bai kai ba. Mun shekara da shekaru muna wannan gardama, ba wanda ya sauka.

Sai 'yan bindiga suka fara shigo mana. Ƙarar babur, da muka saba ji ko kai ba ma ɗagawa, ta zama abin da ke tsinka hanji. Da an ji ta daga nesa sai mata su suri yara a faɗa cikin gero. Wata rana na yi irin wannan gudu, ƙaya ta yage mini ƙafa, ashe shi ne ya dawo. Yana cire mini ƙayar ya ce, "Tunda kin ce ba mai kunna waƙar nan, ni zan riƙa kunna ta tun daga bakin rafi. In kin ji ta, ni ne, kada ki gudu."

Haka aka yi. Har maƙwabta suka gane, sai ka ji wata ta ɗaga murya ta kan danga, "Ga injin niƙanki nan ya taho!" Ni kuma in tashi in kai masa ruwan wanka, ina tsaki.

Ranar da bai dawo ba damina ce, gero ya fara fitar da kai. Na kasa kunne har aka kira magariba. Da safe aka tsinci gawarsa a gefen hanya, babur ɗin kuma sun tafi da shi.

Ban yi kuka ba. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa yabon tawakkalina, ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an mintsina ba a ji. Yayana ya ɗauko ni zuwa gidansa a Batsari, can na yi takaba. A ba ni abinci in ci, lokacin salla ya yi in yi. Na gama takabar ban ji wani abu ya canza ba.

Wata la'asar muna tsakar gida da matar yayana muna tsinke zogale, sai ga waƙar daga bakin layi, tare da ƙarar babur. Ban san na tashi ba. Sai dai na tsinci kaina a ƙofar makewayi da bokiti cike da ruwa.

"Wa zai yi wanka yanzu?" in ji ta.

Na ajiye bokitin. Mai babur ɗin ya tsaya a ƙofar maƙwabta bai kashe sifikar ba, don haka na saurari waƙar har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba. Na so ƙwarai ta yi mini daɗi, in bar wa Malam gardamar ko da sau ɗaya. Ba ta yi ba. Tsakuwar na nan a cikin injin, sauron ma na nan.

Matar yayana ta ce, "Ai makaɗin waƙar nan duk kiɗinsa ba na yarwa."

Na buɗe baki zan kawo maganar gudajin tuwo, sai na rufe. Ba da ita nake wannan gardama ba. Na ce mata haka ne, na koma kan zogalena.

Ruwan ya zauna a ƙofar makewayi har magariba. Ba wanda ya taɓa shi, ni ma ban zubar ba.