Farar Safar Habu

Asubar Asabar muka bar gida a Zariya, ni da wani maƙwabcina mai fataucin fata, ko koko ba mu tsaya sha ba don kada jirgi ya bar mu. Ashe da mun sha har mun ƙara da ƙosai, don sai da rana ta fito sarai sannan jirgin ya ga damar motsawa. Abin da ya kai ni Kano sallama ce da Innarmu, wadda washegari za ta bi motar alhazai ta ƙasa, ta Maiduguri har Sudan. Tafiya ce da tsoho ke yinta ba tare da ya sa ran dawowa ba. Abu ɗaya ta roƙe ni: in ɗauko mata Habu daga makaranta, ta dafa kansa ta sa masa albarka. Habu ɗan marigayi yayana ne, a hannunta ya tashi tun yana rarrafe.

Taragon talakawa cike yake maƙil. Wani zakara da aka ɗaure ƙarƙashin bencinmu ya tsani ƙafata tun daga tasha, bai fasa saran ta ba har Madobi. A Dangora mun sayi rake na kwabo, dogo har sai da muka karya shi a gwiwa. Da muka haye gadar Calawa muka fara hango dalar gyaɗa, kowa ya hau laluben takalminsa.

A Fagge na tarar da Inna ta gama ƙulle kaya: garin kuka, daddawa, buta, da farin ƙyallen likkafaninta a ninke a sama. Maƙwabciyarta Bayarabiya, mai sayar da atamfa, ta aiko mana da alala mai barkonon da ya sa ni hawaye. Ban gama ci ba Inna ta ce, "To, ina maigidan nawa?" Haka take tsokanar jikan nata. Na ce mata kafin la'asar yana gabanta, tunda ranar Asabar ake barin ɗalibai su fita gari.

Na ratsa Sabon Gari a ƙafa. Kiɗan garmaho na tashi daga shaguna, masu tura kurar kaya na ihun a ba su hanya, ga burodi ɗan mitsitsi wai taro, kwabo uku cur. A Zariya da taro sai ka ƙoshi ka yi kyauta. Makarantar sakandaren gwamnati tana can bayan unguwar, an kewaye ta da waya. Wani mai facin keke a bakin ƙofa ya ce mini asalinta barikin soja ce tun zamanin yaƙin Bama, daga baya aka mayar da ita midil, yanzu kuma sakandare. Ban jima a ciki ba na gane sojojin sun tafi ne kawai, halinsu yana nan.

Gaskiya ginin ya burge ni. Azuzuwa na dutse da rufin kwano, ga famfo, ga lantarki, ga ɗakin kwana da gadajen ƙarfe a jere, kowane da bargo a ninke. Na leƙa ɗakin kimiyya ta taga na ga kwalabe iri-iri, na leƙa laburare na ga littattafai har rufi. Filin ƙwallonsu ya fi gonar gidanmu. Komai da ƙararrawa ake yi, ci da wanka da barci. An yayyafa wa farfajiya ruwa, jar ƙasar ta kwanta luf, don a ranar ake duba tsafta kafin a saki yara.

Suna tsaye a layi cikin farar riga, farin gajeren wando da doguwar farar safa, sai Habu ya hango ni. Yaron nan bai yi wata-wata ba ya fito, ya tuɓe takalmi, ya zube ƙasa. "Baffa, sannu da zuwa. Ya hanya?" Zuciyata ta yi fari. Da ya miƙe, safar nan ta zama ja, bakin wandon ma ya samu rabonsa.

Kafin in amsa gaisuwar, wani monita mai ɗan gashin baki ya daka masa tsawa da Turanci. Malamin da ke duba su ya zo ya kalli safar, ya ce an soke masa fitar yau. Bahaushe ne ɗan'uwana, da tsagen gidansu a fuska, wannan ya fi komai ƙona mini rai. Na ce, "Malam, gaishe ni ya yi. Kakarsa za ta Makka gobe, mai yiwuwa ba za su sake ganin juna ba." Ya ce, "Ai na gani, Malam. Doka ce. A nan a tsaye ake gaisuwa. In na ɗaga masa, gobe kowa sai ya kawo kakarsa." Na nemi ganin Baturen makarantar, aka ce yana hutawa, ba a tashinsa.

Jama'a, ku ji horon da aka yanke masa. Wai ya je tsakiyar filin ƙwallo ya durƙusa har a buga ƙararrawar magariba. Durƙuson da ya yi mini ne laifin, aka kuma hore shi da durƙuso. Na yi faɗa har muryata ta dushe, maigadi ya rako ni waje da lallashi.

Na koma Fagge na ce wa Inna yau ba a barin kowa fita. Sai ta jawo sandarta ta yafa mayafi. Na samo mata mai keke, ta ce ita ba ta hau abin da ba shi da rai ba tun tana budurwa, sai gobe da ya zama dole. Haka muka taka, muna yi muna hutawa, har bakin wayar da ke kallon filin. Idonta ya yi rauni, sai da na nuna mata da yatsa. Ta ƙura ido can ta hango farin abu a durƙushe, fuskarsa na kallonmu.

Sai ta yi dariya. "Ka ga maigidana? Tun daga nesa ya zube mini. Boko bai ɓata shi ba." Ta zura hannu ta cikin wayar, ta dafa iska daidai inda kansa yake, ta yi ta sa masa albarka. Ta ɗaga murya ta ce, "Tashi haka nan, na amsa!" Habu bai tashi ba, monita na tsaye a inuwa yana kallonsa. Inna ta ce, "Kai, yaron nan da kunya yake." Na juya baya don kada ta ga idona.

Washegari muka sa ta a mota, ta tafi da farin cikinta. Da yamma na biyo jirgi na dawo Zariya, maƙwabcina na ta lissafin fatunsa. Na koyi cewa ana iya gina makaranta da dutse, a sa mata lantarki, a cika ta da littattafai, amma a rasa mutum ɗaya a ciki da zai bambanta datti da ladabi. Ban hana Habu karatu ba, ba kuma zan hana shi ba. Amma da na je yi masa sallama da safe, ya taho da gudu ya kai hannu ga takalminsa, ni da bakina na ce, "Tsaya, Habu. Kada ka durƙusa." Ni ne kuwa na koya masa durƙuson, da jan kunne, a zauren Inna.