Zuwa Kurni Saboda Itatuwan Baba

Matameye

Ana idar da sallar asuba na fito da Inna muka nufi tasha. Saƙo ne ya zo daga Kurni cewa ruwan damina ya kayar da rufin ɗakin babban wana, Yaya Sani, har ya karɓo izinin ma'aikatan gandun daji zai sari itatuwan dogon yaron da marigayi Baba ya dasa a gona, ya yi sabon rufi. Inna ta ce ba mai ɗaga gatari sai tana tsaye a wurin.

Direba na ganinta ya buɗe mata gidan gaba. "Hajiya, nan ne wurinki."

A bakin gari jandarma suka duba takardunmu, muka wuce. An gama girbi, gawo ya yi ganye shar a gonaki.

Kurni

Da hantsi muka sauka, amalanke ta ƙarasa da mu gona. Tun daga nesa ake hango layin itatuwan a bakin hanya. Yaya Sani ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, na bakin hanyar nan nake so, sun fi miƙewa."

"Ka sare su, kowa ya wuce ya ga gonar ubanka da giɓi kamar bakina? Taho mu shiga ciki."

Ni ta tura in tsaya kan hanya. In ta dafa itace sai ta ɗaga murya, "Kana hango wannan?" In na ce a'a, Yaya ya ɗaura masa kaba. Ba ta yarda an ɗauki biyu a jere ba. Ta sa aka yi saran daidai gwiwa don kututturen ya sake tofo, aka kwashe rassan tas.

Bayan azahar muka dawo kan hanya tare. Ta daɗe tana kallo.

"Inna, kamar ba a taɓa su ba," in ji Yaya.

"Shekarar da ya dasa su," ta ce a hankali, "ni na riƙa ɗauko musu ruwa a ka, ina goye da kai."

Yaya ya sunkuyar da kai.

Komawa

Matar Yaya ta dama mana fura mai sanyi, Inna ta sha har ta nemi ƙari. Motar 'yan kasuwa muka samu, ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu hau kwalta. Ana kiran magariba muka shiga gida lafiya. Alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya bar mana Inna.