Geron da Ya Zaɓa Mana Keken Jariri

"Malam, gero za ka kai yawo?" in ji mai shago, ganin na ɗora tiya ɗaya da rabi a keken jariri ina turawa cikin rairayi.

Na ce, "Nauyin 'yata ke nan. Tiyata aka yi wa uwarta, likita ya hana goyo, ya ce ta riƙa tattaki."

Kekuna huɗu na gwada. Kyawawan duk suka kafe, mummunan mai manyan tayoyi ya wuce. Na saya, ina ta zullumin ko wauta na yi.

Jiya mai ɗakina ta tura shi har gonarmu ta hanyar Baure, jaririyar ko motsawa ba ta yi ba. Ta ce, "Baban Amira, geronka ya iya zaɓe."

Ku da me kuke gwada kaya kafin ku saya?