Haƙorin da Ya Cinye Mini Akuya

Haƙori ɗaya ya cinye mini akuya, kuma har gobe ban yafe ba. Ba haƙorin nake jin haushi ba, shi nasa ya ƙare. Haushina yana kan duk waɗanda suka san ana kai haƙori asibiti tun kafin ya yi ciwo, suka bar ni na yi jika ban sani ba.

Da ruwan randa abin ya fara. In na kurɓa da asuba sai in ji wani tsam a matauni na dama, kamar an soka allura an zare. Na duba a madubi, ban ga komai ba. Yaya zan gani? Tun ina amarya nake cin goro da furen taba, bakina ja wur, kuma a wajenmu wannan ado ne. Ashe a ƙarƙashin adon kogo ake haƙawa.

Malam, wato maigidana, ya ce tsutsa ce, ya aiko mini da kanumfari. Da kanumfari ya gaza, ranar kasuwa na tafi Kwanar Dangora wajen mai cire tsutsar haƙori. Ya zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, ya sa na buɗe baki a kan hayaƙin, can ya nuna mini wasu farare suna yawo a kwanon ruwa. Ya ce ga su nan, uwa da 'ya'yanta. Na biya, na yi godiya. A ran nan ko tuwo ban iya taunawa ba. Da na koma ya ce ai uban ne ya rage.

Ƙanen Malam direba ne, shi kuma ya kawo man birki a murfin kwalba, ya rantse duk 'yan tasha da shi suke yi. Na ɗiga. Kafin a kwana biyu kumatuna ya kumbura ya kusa rufe ido, zazzaɓi ya kwantar da ni, bakin ya ƙi buɗuwa ko cokali ba ya shiga. Asibitin kusa da mu suka ce sai Kano. A nan aka kama jar akuyata, wadda nake kiwo don takin gonar gyaɗata, aka kai ta kasuwa. Mota, allurai, magani, cirewa, ko igiyarta ba ta dawo ba.

Da na koma a duba wurin, ina zaune a benci na ga wata takarda manne a bango. Ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka ba na wuce rubutu ban karanta ba, ko na buhun taki ne. An rubuta a riƙa zuwa duba haƙori ko ba ya ciwo. Na maimaita, don na ɗauka ni ce na yi kuskuren harafi.

Likitar yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Na tambaye ta ko da gaske suke. Ta ce da na zo tun lokacin ruwan randa, da wankewa za a yi a cike kogon in tafi gida da haƙorina. Na ce nawa? Abin da ta faɗa bai kai kuɗin kaza mai ƙwai ba. Na tambaye ta batun tsutsa, ta ce ita dai tun da ta fara aiki ba ta taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba. Sannan ta ƙwanƙwasa matauni na hagu da ɗan ƙarfenta.

"Mama, wannan ma ya fara. Kina jin ruwan sanyi a nan?"

Ina ji. Da shi kaɗai nake tauna yanzu, kuma akuya ɗaya ta rage mini.

A gida na faɗa wa Malam zan koma. Ya ce a garin nan wa ya taɓa ɗaukar lafiyayyen baki ya kai asibiti, in ba neman suna ba? Ya ce a bari ya yi ciwo tukuna, kada a tsokano abin da ke barci. Ƙanensa na gefe yana cewa boko ne ya hau mini kai.

Na ce, "Malam, wancan ma barci yake yi da ya tashi ya ci akuya."

Ya ci gaba da goga asuwakinsa, shi da haƙoransa ke nan garau.

Da gari ya waye na wanke baki, na bar goron a gefen tabarma, na kama wata kazata mai ƙwai da ta fi kowa ci, na ɗaure mata ƙafa na saƙale ta a hammata, na nufi Kwanar Dangora neman motar Kano.